Gyaran Malam Jalo a Gefen Shafi

Duk wanda ya san unguwar Limancin Kona a Zariya ya san gidan su Malam Jalo, gidan masu kwafar littattafai da hannu tun kaka da kakanni. Ni maƙwabcinsa ne, tare muka sha bulalar makarantar allo, tare muke tsufa, sai dai shi ya riga ni karaya.

Ƙa'idar gidansu guda ce. Littafin da aka kawo a kwafa sunansa uwa, kuma ba a taɓa uwa. In ka ga kure a ciki, ka kwafe shi yadda yake, ka sa gyaranka a gefen shafi da ƙananan baƙaƙe. Ka aika wa mai littafi cewa ya yi kuskure kuwa, wannan rashin kunya ne.

Da bugun inji ya kashe kasuwar kwafa, Jalo ya rungumi boko har ya koyo kwamfuta. Wajen 1994 wani kamfanin auduga ya ɗauke shi a reshensa na Zariya. Da wannan aikin yake riƙe da gidan gaba ɗaya, har da tsohuwarsa Iya, wadda ke gaya wa mata ɗanta da talabijin yake hira.

Babbar kwamfutar kamfanin tana Kaduna, ta Zariya ce ke aika mata nauyin audugar kowane manomi ta layin tarho. Daga can ake aiko faifai ɗauke da bayanin irin saƙon da babbar ke karɓa. Jalo zai sa faifan, ya buga umarni layi guda a baƙin allon kwamfutar, sai inji ya karanta bayanin ya rubuta da kansa furogiram, wato jerin umarnin da zai sa ta Zariya ta yi magana da ta Kaduna. Ya taɓa nuna mini. Na ce, "To kai mene ne aikinka?" Ya ce, "Ni ne mai duba kwafi."

Ya kuwa duba, ya ga kure. Bayanin ya bar gurbin sunan manomi, bai bar na ƙauyensa ba, alhali Tanko a ƙasar Zazzau ba ya ƙirguwa. Wani da sai ya buga waya Kaduna. Ɗan gidan makwafa ina! Bai taɓa bayanin ba, bai ce wa kowa uffan ba. Sai ya shiga abin da injin ya rubuta ya gyara da hannunsa, yadda kowane suna zai tafi manne da ƙauyensa. Haka ya yi ta ƙara gyara kan gyara shekara da shekaru, aiki na tafiya sumul.

Ana tsakiyar kakar auduga Iya ta rasu. Jalo na zaune a zaure yana karɓar gaisuwa, can a ofis kuwa injiniya ya zo daga Kaduna da sabon faifai. Ya buga layin nan guda, inji ya rubuta sabo a kan tsoho. Gyaran Jalo duk ya shafe, ko ɗigo bai rage ba.

Kafin a farga audugar Tankon nan ta hau kan Tankon can, manoma sun cika ƙofar ofis da hayaniya. Manaja, Alhaji Jumare, ya sa aka kira Jalo.

"Malam Jalo, tunda ka ga kuskuren tun farko, me ya hana ka faɗa a gyara daga tushe?"

"Ranka ya daɗe, ba a taɓa uwa."

"Uwar wa?"

Aka sallami Jalo daga aiki a satin. Har yau abin na ci mini rai, don ban san da wa zan yi fushi ba, da injin ko da taurin kan abokina.

Ya nemi aiki har Kano bai samu ba, labari ya riga shi zuwa. Ya koma ga alƙalami da tawada, ashe allon kwamfuta ya cinye masa ido, layinsa sai karkacewa yake. Ga shi ma babu mai kawo kwafa.

Rannan na leƙa zaure na tarar ya kwance gafakar littattafan kakansa, ya kai wani tsohon shafi dab da hancinsa. Ya ce, "Malam Kabir, karanta mini na gefen nan, ba na gani."

Na karanta masa. Gyaran kakansa ne, tawadar ta yi ja amma tana nan daram.

Ya daɗe yana shafa wurin da yatsa, sannan ya ce, "Nasa yana nan. Nawa ko wurin da zan nuna maka babu."