Ramin Dawar Badaru

Yayana Badaru mutumin kirki ne, kuma na gaji da jin ana faɗa. A yankin Jazira na Sudan aka haife mu, a kambo, wato sansanin masu tsinkar auduga. Tun yana yaro ya ga yadda babanmu ke haƙa rami, ya shimfiɗa ƙaiƙayi, ya zuba dawa, ya rufe da ƙasa. Matmura ake ce wa ramin. Da noman ya lalace muka dawo unguwar Mayo, kudu da Khartoum, Badaru ya kama dako a kasuwar Suk al-Shabi, amma kansa na can gona.

Sojoji na hawa mulki, kuɗi suka fara narkewa a hannun mutane. Abin da ya saya maka buhu bana, baɗi ko rabi ba zai ba ka ba. Ga shi an soke abinci da makwancin da ɗaliban jami'a ke samu kyauta, ga 'yarsa Mayada da ƙwaƙwalwa kamar me. Sai Badaru ya zaɓi tudu a tsakar gida inda ruwan damina ba ya kwanciya, ya haƙa matmura. Ya ce duk kaka zai sayi dawar da ake ce wa fatarita da arha ya zuba, ranar da yarinyar ta ci jarrabawa ya sayar da tsada. A nan dai ban ga laifinsa ba. Waɗanda suka ajiye kuɗin takarda sun yi kuka, dawa kuwa kullum sama take yi.

Abin da bai lissafa ba shi ne kansa. Kuɗi kana iya cusa su cikin matashi ka rantse ba ka da ko sisi. Rami fa? Duk Mayo an ga ranar da aka haƙa shi.

Gidan Badaru shi ne masaukin duk ɗan kambonmu da ya zo asibiti ko neman takarda. Mutum zai zo da uwarsa da ƙannensa, ya ce jibi za su koma, sai ka ga sun yi azumi a nan. In garin kisra, wainar dawar da muke ci kullum, ya ƙare wa matarsa Awadiyya, sai ya ɗauko shebur. Makwabci ya yi rashi, shebur. An yi haihuwa a bayan layi, shebur. Na yi magana har muryata ta dushe. Na ce masa wannan dawar ba tasa ba ce, littattafan Mayada ne da kuɗin motarta. Kullum amsarsa ɗaya, yana murmushin nan da ke ƙona min rai:

"Ma'alesh, yi haƙuri, 'yar uwa. Kaka na zuwa, zan mayar."

Yana mayarwa kuwa, sai dai da kwano yake zubawa, da buhu yake ɗiba.

Shekarar da sakamako ya fito, Mayada ta samu gurbi a wata jami'a can gabas, inda sai an biya rajista, an kama ɗaki, an ci abinci. Awadiyya ta rangaɗa guɗa. Muka buɗe ramin, na leƙa. Abin da ya rage, in an sayar gaba ɗaya, da ƙyar zai kai ta zangon farko. Na ce to, a kira mai amalanke yanzu-yanzu a kai kasuwa.

Ba mu kai ga hakan ba. Guɗar nan ta riga ta fita. Kafin la'asar gida ya cika da masu "mabruk", wato 'yan barka, washegari motar Jazira ta sauke rabin kambo. A garin nan ba a ce wa mai taya ka murna ya koma da yunwa, Badaru kuwa ko a mafarki ba zai iya ba. Aka kai niƙa, aka sake kaiwa. Da idona na ga Mayada durƙushe gaban doka, farantin ƙarfen gasa kisra, hayaƙi na shiga mata ido, tana yaɓa kisra wa mutanen da suka zo yi mata barka da shiga jami'a. Suna ci suna sa mata albarka. Ni dai bayan gida na zagaya na yi kukana don takaici.

Aka rufe rajista ba da ita ba. Ba ta yi wa ubanta ko kallon banza ba. Ta ce za ta sake zama jarrabawa, ta kama sayar da kisra tare da uwarta, kaka na yi ta sayi dawa da guminta ta haɗa da tasa, aka rufe ramin.

Ana rufewa ta jawo gadonta na igiya daga ɗaki, ta dasa shi daidai bakin matmurar. A nan take kwana, a nan take karatu.

Ba a daɗe ba wani ɗan kawunmu ya iso da iyalinsa, matar ba lafiya. Ina gidan. Badaru ya yi musu maraba, ya shiga lungu, ya fito da shebur. Mayada na kan gado da littafi, ko motsi ba ta yi ba.

"Yā bitti, 'yata, ɗan matsa kaɗan," ya ce a hankali. "Baƙi ne."

"Baba, ni ma baƙuwa ce. Na zo wucewa jami'a ne, na makale a gidanka."

Baƙin na kallo, Awadiyya na kallo. Sannan ya jingina shebur ɗin a bango, ya ɗauki igiyar dakonsa, ya nufi tashar mota neman na abincin baƙin a cikin zafin ranar nan, duk da ranar hutunsa ce.