Ƙwayar Cuta a Saiwar Wakena

Ban yi boko ba. Fari ya cinye shanuna, na dawo Ɗanzomo ba ni da komai sai gonar tsohona da irin wakensa, fari mai baƙin hanci. Wake ne mai taurin rai. Ruwa ya ɗauke sati uku, na maƙwabta ya kwanta, nawa yana tsaye.

Wata damina cikin shekarun casa'in, wata malamar gona ta zo daga Gumel a mota. Kirista ce, Hausarta ta kasuwa. Ta tuge wake guda, ta nuna mini 'yan ƙullutun da ke jikin saiwa, ta fasa ɗaya da farce. Cikinsa ja kamar tsoka.

"Baba, akwai ƙwayoyin cuta a nan," in ji ta, tana murna. "Daga Gagarawa har Maigatari ban ga irinsu ba."

A gaban mutane ta faɗa. Kafin ranar kasuwa magana ta zaga gari. Masu karɓar iri wurina suka janye. Maƙwabcina ya ce, "Tuge ka ƙona, kada ta tsallako mana." Matata ta daina sa waken a tukunya. Na ce bayan girbi zan ƙona irin gaba ɗaya. Girbi ya wuce, na kasa. Na ɗaga zuwa gab da shuka.

Da bazara malamar ta dawo da tukwanen shuka biyu a bayan mota. Na tare ta.

"Kin sa wa wakena cuta da bakinki. Yau kuma me kika kawo?"

Da ta gane abin da ya faru, sai ta riƙe baki. Ashe ƙananan halittun nan ba duka ke cutarwa ba, Hausa ce ta haɗa su a suna ɗaya. Waɗannan ciyar da wake suke, su ne takinsa. Ta ce kowace halitta tana ɗauke da gadonta ƙwaya-ƙwaya. Na gonata suna da wasu ƙwayoyin gado da danginsu ba su da su, ba a kuma san aikinsu ba.

"To ya kuke ganewa?"

"Mu cire ɗaya, mu ga abin da zai lalace."

"Kamar a zare ƙusa a garma."

"Haka, Baba. Sai dai garmar nan ido ba ya ganinta."

Ta sauke tukwanen. Irina ne a duka biyun, yashi iri ɗaya, an bar su da ƙishi tare har sati biyu. Mai cikakkun halittun kore shar. Wanda aka zare wa halittunsa ƙusa guda ya yi rawaya, ya sunkuya. Ashe ƙusar nan ce ke riƙe wakena in ruwa ya ɗauke.

Na ɗauki tukwanen da kaina har inuwar ƙofar masallaci, inda dattawa ke zama.

"Malama, maimaita. Da ƙarfi, yadda kika faɗi ta farko."

Ta maimaita. Maƙwabcina ya daɗe yana juya ganyen.

"In ba cuta ba ce, me za mu ce musu?"

"Barorin wake," na ce.

"Kai da ba ka da ko akuya, ashe barori ke gare ka."

Aka yi dariya. Washegari ya zo da ƙwarya biyu, ɗaya ta iri, ɗaya ta ƙasar gonata, inda barorin suke. Ruwan farko na shuka.

Malamar ta ce saura ƙusoshi da yawa ba ta zare ba tukuna, za ta dawo ta gaya mini. Ba ta dawo ba. Na tsufa, amma har yau in na tuge wake sai na fasa ƙullutu da farce. In na ga ja, sai in tuna yadda take murna tana cewa cuta.