Man Gyaɗa a Cikin Injin Jif

Jama'a, yau na ga mota tana ƙamshin ƙosai, kuma wallahi ba abin dariya ba ne!

Da hantsi na ɗauko Malam Audu daga wani ƙauyen Kurfi a jif ɗin da nake tuƙawa. Maciji ne ya sare shi a gona, allurar maganin dafin kuwa sai Dutsin-Ma. Matarsa Hure tana baya, ta tallafe kansa.

Muna tsallake rafi sai na ji ƙwal! Na leƙa ƙarƙashi. Dutse ya huda gindin injin, baƙin mai sai tsiyaya yake cikin yashi. Na liƙe wurin da sabulu yadda muka saba. To, man fa? Sai Katsina!

Matan ƙauyen wurin suka taru. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, mai ai mai ne." Kowace ta ruga ta kawo man gyaɗarta, har da wadda ta juyo na kaskon suya.

Na ce, "Iya, ba zai yi ba."

Hure ta ce, "Direba, don Allah zuba."

Na zuba. Mota ta tashi, mata suka rangaɗa guɗa!

Ba mu yi nisa ba injin ya ɗau zafi, sabulun ya saki. Hayaƙi, ƙara, sai tsit. Tsakiyar daji, ko jaki babu.

Malam Audu ya buɗe ido da ƙyar, ya shaƙi iska. Ya ce, "Hure, ƙosai kike soyawa? Ajiye mini nawa."

Ta ce, "Na ajiye, Malam."

Maganarsa ta ƙarshe ke nan, a nan rai ya yi halinsa.