Hancin Kamfanin Ƙanƙara

A kamfanin ƙanƙarar da ke ƙarshen layin masu walda, babu mai tuna sunansa na yanka. Hanci ake ce masa, shi ma da shi yake amsawa.

Ya shigo yana saurayi, mai ɗaukar ƙanƙara daga ɗakin sanyi zuwa mota. A watansa na uku ya tsaya cak a tsakar fili da kaya a kafaɗa, ya ce yana jin wari kamar na makewayin tasha. Aka yi masa dariya. Ya nace, ya bi warin har bayan inji, ya nuna wani bututu. Makaniki ya duba, sai ga amoniya tana tsiyaya. Ita ce iskar da ke daskarar da ruwa, amma in ta ƙwace daga bututu sai ta ƙone ido da maƙogwaro, in ta yi yawa kuma sai dai a kwashi gawa. Daga ranar aka sauke masa ƙanƙara daga kafaɗa, aikinsa ya koma shinshina.

Kada ka ɗauka wasa nake yi. Shekara talatin da shida, kowace safiya sai ya goya hannu a baya ya bi bututu ɗaya bayan ɗaya, hanci a gaba, kowa ya yi tsit kamar ana yanke hukunci. An hana shafa turare a kamfanin saboda shi. In mura ta kama shi, Manaja da kansa yake kai masa magani har gida, yana tambaya daga bakin ƙofa, "Yaya hancin?" Sai ya ji amsa sannan ya tuna ya tambayi sauran jikin. Da wannan hancin ya yi aure, da shi ya aurar da 'ya'ya uku. Kuma wallahi ya ji daɗin abinsa, don mutum ne da babu mai sauraronsa a ko'ina sai a nan.

Ranar da ya gane hancin ya mutu, yana zaune a tsakar gida da jikarsa a cinya. Sai ya ga kowa na toshe hanci yana matsawa. 'Yarsa ta ce, "Haba Baba, ba ka ji abin da ta yi maka ba?" Ya duba rigarsa, ya gani da idonsa, amma bai ji komai ba. Ya shige ɗaki ya shinshina kananzir, ya shinshina sabulu, ya shinshina takalminsa. Shiru. Amoniyar da ya yi ta shaƙa ta cinye hancin kaɗan-kaɗan bai sani ba. Ya zauna a bakin gado, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. In aka gane, me ya rage? Tsoho ne, ko rabin ƙanƙara ba zai iya ɗagawa ba yanzu.

Sai ya yi shiru da bakinsa, ya ci gaba da zagayen safe. Duk bayan wata biyu yakan tsaya gaban wani tsohon bututu, ya yamutse fuska, ya ce, "Nan." Kuma da yake babu mahaɗar bututu ko ɗaya a kamfanin nan da ba ta ɗan tsiyaya, duk inda ya nuna sai Makaniki ya sami wani abu. Sunansa ya ƙara tashi. Har cewa ake yi hancin ƙara kaifi yake da tsufa. Haka aka shekara huɗu.

Rannan wata jami'a mai duba wuraren aiki ta zo da takarda a hannu. Ta tambayi abin rufe fuska, aka ce guda ɗaya ne, yana kulle a kabad ɗin Manaja don kada a sace. Ta tambayi wurin taruwa in iska ta ƙwace, aka nuna mata gindin bishiya, wai don akwai inuwa. Ta tambayi na'urar gano tsiyaya, Manaja ya washe baki ya ce a kira Hanci.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Wannan ai mutum ne."

"Eh, ranki ya daɗe," in ji Manaja, "amma bai taɓa lalacewa ba."

Hanci ya sunkuyar da kai, aka ɗauka kunya ce. Kafin ta tafi sai da ta sa aka kafa na'ura mai jiniya a ƙofar ɗakin inji, aka kuma ɗaura wani jan ƙyalle a kan rufi. Ta ce in jiniya ta yi kuka, kowa ya dubi ƙyallen, ya gudu ta inda iska ke fitowa, ba inda ta nufa ba.

To, ka san mutanenmu. Ranar da na'urar ta fara kuka, babu wanda ya gudu. Sai suka taru a ƙarƙashinta, daidai ƙofar ɗakin inji, aka aika a kira Hanci ya zo ya faɗa ko gaskiya take faɗi. Ya zo, ya ja iska, ya ce, "Ba komai." Allah ya rufa asiri, ba komai ɗin ne, wayar na'urar ce ta jiƙe. Karo na biyu ma haka. Direba ya samo bokiti ya ajiye kusa, ya ce duk ranar da ta sake yi wa Baba Hanci rashin kunya zai kife ta da shi.

Karo na uku ya zo wata ranar Talata da hantsi. Jiniya ta ɗauka, mutum talatin suka ajiye aiki suka taru wurin da suka saba: masu ɗaukar kaya, Direba da bokitinsa, Inna mai shara da tsintsiyarta, Manaja da kofin shayi. Aka buɗa wa Hanci hanya. Ya tsaya ya ja iska har ƙirjinsa ya yi zafi. Babu. Ya sake ja. Babu, kamar kullum. Ya dubi fuskokin nan duk sun zuba masa ido suna murmushi, suna jiran ya kunyata ƙarfe a karo na uku. Sau biyu sa'a ta fisshe shi. Wa ya ce masa akwai ta uku?

"Ban sani ba," ya ce.

Aka fashe da dariya. "Kai, Baba akwai barkwanci!"

"Na rantse ban sani ba. Ku fita!"

Direba ya ɗaga bokiti. Hanci ya ga magana ba za ta yi ba, ya ɗaga kai ya dubi jan ƙyallen, ya ga bishiya iskar ta nufa. Sai ya tattare riga ya zura da gudu ta ɗaya gefen. Babu wanda ya taɓa ganin Hanci yana ko da sauri. Kofin shayi ya faɗi, bokiti ya faɗi, mutum talatin suka rufa masa baya har bayan katanga, wajen jujin masu walda. Ba su gama tsayawa ba suka hango farin hayaƙi yana bulbulowa daga ɗakin inji, ya rufe ƙofar da suke tsaye ɗazu, ya miƙe ya lulluɓe bishiyar. Makaniki ya zagaya ya shiga ta tagar ofis, ya fasa kabad da guduma, ya sa abin rufe fuska, ya je ya rufe bututun daga waje. Mutum biyu da suka yi baya aka wanke wa ido a famfo, suna tari suna hawaye, amma kowa da ransa.

Manaja yana haki ya kama hannun Hanci ya ɗaga sama. "Kun gani? Na'ura ta yi ta ihu ba mu motsa ba. Hanci ne ya ji! Hanci ne ya cece mu!"

Aka hau tafi. Da Hanci ya yi shiru, shi ke nan, sai ya mutu da sunansa, kuma gobe Direba ya kife na'urar da bokiti. Ya zare hannunsa a hankali.

"Ranka ya daɗe, ban ji komai ba. Da ƙarfen nan na yarda. Hancina ya mutu, yau shekara huɗu ke nan."

Wani ya fara dariya, ya ga babu mai taya shi, ya haɗiye. Makaniki ya ce, "To wuraren da kake nuna mini fa?"

"Ko ina na nuna za ka samu."

Babu wanda ya zage shi, kuma da sun zage shi da ya fi masa sauƙi. Inna mai shara ce ta matso. Ita ce ke share ɗakin inji kullum ita kaɗai, ƙofa a rufe, tana 'yar waƙarta. Ba da faɗa ta yi magana ba, tambaya ce kawai irin ta mai son sani.

"Baba Hanci, to duk shekara huɗun nan, wa ke gadinmu?"

Ya dube ta.

"Babu kowa, Inna."

Ta jinjina kai. Sai ta nemi wani dutse ta zauna.