Mai Zanko Ba 'Yan Amshi

Lokacin da nake koyarwa a wata firamare a Kurfi, wajen ƙarshen shekarun tamanin, ba ni da abin yi bayan an tashi sai karanta littattafan soyayya da nake sayowa a kasuwar Dutsin-Ma. A cikinsu na koyi cewa saurayi ba ya fitowa fili ya ce yana so, sai ya biyo ta fure ko ta waƙa. Shi ya sa na daɗe ina son ɗiyar wani Alhaji mai sayar da hatsi a can Dutsin-Ma, ban taɓa ce mata uffan ba. Tana zuwa koyon saƙa gidan wata ma'aikaciyar jinya 'yar Jos, wadda duk unguwa ke kira Mama. Ni kuma duk Asabar sai in tako keke tun daga Kurfi, wai na zo gaida Mama.

Ana nan sai ɗan Mama, wanda muka yi firamare tare, ya dawo daga Ikko. A can ya shiga ƙungiyar masu wani kiɗan Turawa na 'yan bore, wanda ba a rera waƙarsa, sai dai a yi ta da ihu. Ya aske gefe da gefen kansa ya bar zanko a tsakiya, wandonsa a yage a gwiwa, an kama shi da fil. Tsofaffin unguwa suka riƙa shigowa yi wa Mama jaje. Wata ta ce, "Ƙato da zanko kamar ɗan yaye? Ko wanzamin ne ya gudu bai gama ba?"

Ƙungiyarsu ta watse, jitar katako kawai ya tsira da ita. Ya ce zai yi wasa shi kaɗai a tsakar gidan Mama bayan la'asar. Nan dabara ta faɗo mini. Na tsara baituka masu taushi, na yi ta biya masa har ya haddace. Na ce, "Kada ka ambaci sunan kowa. Zuciyarta ce za ta gaya mata."

Ya ce, "Ba damuwa, Malam."

Ranar aka shimfiɗa tabarmi. 'Yan saƙa suka zauna gefe, ɗiyar Alhaji tana tsakiyarsu. Mahauta da dillalai suka cika benci. Abokina ya kife turmi ya hau, ya rufe ido, ya shiga dukan jita yana zagin masu gidajen haya na Ikko da Turancin kasuwa, jijiyoyin wuyansa duk sun miƙe. Da ya gama, aka shiga kallon juna. Ba haushi mutane suka ji ba, tausayi ne.

Akwai wani tsohon sanƙira a wurin, wanda ya ƙare rayuwarsa yana bin makaɗan kalangu, yana fayyace wa jama'a abin da waƙa ke faɗi. Ya ce, "Ɗana, ina 'yan amshinka?"

"Baba, ni kaɗai nake yi."

"Sun gudu sun bar ka ke nan?"

"A'a, haka salon yake."

"Allah sarki, har yana rufa musu asiri. To, ba a yi wa ɗan garinmu haka muna zaune." Ya miƙe, ya tattare riga a kafaɗa, ya ce wa mata su kama amshi.

Sai ga shi waƙar da ta biyo baya tawa ce. Abokina ya kurma ihu kamar mai kiran ɓarawo: "Ke ce hasken idona, ni ko na rame kamar kara!" Mata suka cafe, suna tafi: "Na rame kamar kara!" Tsohon ya sunkuya ya tambaye shi waƙar wa ce. Abokina ya cika alkawari, bai faɗi suna ba. Da haɓa ya nuna ni. Aka ce ita fa? Ya sake juya haɓa.

"Jama'a, ku saurara!" in ji tsohon. "Malamin makarantar Kurfi ne ya ce ya rame saboda ɗiyar Alhaji mai hatsi! Ga shi can jikin randa. Ku dube shi, wallahi ya rame!"

Kowa ya waiwayo. A littattafan da na karanta, a irin wannan wuri budurwa kan sunkuyar da kai, hawaye ya ɗigo. Ita kuwa ta cusa gyale a baki, kafaɗunta na rawa don dariya, da amshi ya zagayo kuma sai ta cire gyalen ta yi tare da sauran.

Da aka watse ina ƙoƙarin sulalewa, ta zo wucewa ta gefena, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Malam, duk wannan wahala ta mece ce? Gidanmu fa yana da zaure."

Kafin mako ya zagayo baffana ya je ya yi sallama da Alhaji. Bai gama buɗe baki ba Alhaji ya ce, "Na ji tun a kasuwa, har masu awo suna rerawa. A turo shi in ga ramar."

Na je. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ya ba ni, amma a fara kawo mini tuwo.