Matar da ke Kula da Shafin Neman Aiki

A wani asibiti a Gyadi-Gyadi, matar da ke kula da shafin neman aiki tana zaune, tabarau a kan hanci, yatsu jajur da lalle. Ƙarfe huɗu za a rufe shafin a intanet, takarduna kuma sun ƙi shiga, shi ya sa na bi layinta. Tana danna kwamfuta tana tambayar budurwar da ke gabana: "Ke ba 'yar Huraira ungozoma ba ce? Ya ƙafar tata?" Da gani ba ta taɓa barin unguwar nan ba, kuma ina ƙyashin hakan. Shekara tara ina karatu a waje. Layi ya zo kaina, ta ɗago da murmushi: "Sannu baƙo, daga wane gari?" A nan Tarauni aka binne cibiyata.