Tsohuwar Katun da Fensirinta

Mutumin nan ya ci mana mutunci, kuma ban yafe ba.

Mai yin katun ne a Tsafe, irin fim ɗin nan na zane. Fim ɗinsa na farko jikata ce ta tura min a waya, na kalla ya fi a ƙirga. Labarin wata mata ce da akuya ta addabi gerontan. Ba akuyar ce ta kama ni ba, shiƙar ce. Matar ta ɗaga ƙwarya, ta dakata sai iska ta taso, ta karkata kafaɗa don kada ƙaiƙayi ya shiga mata wuya. Na ce lallai wanda ya zana wannan ya zauna kusa da uwarsa a masussuka, kuma idonsa a buɗe.

Na biyun kuwa wata tsohuwa ce a ajin yaƙi da jahilci. Ta damƙe fensir kamar muciya, littafi kai ƙasa, duk tambayar da aka yi mata sai ta leƙa rubutun ta ce, "Malam, baƙin na gudu!" Kafin mako yaran unguwarmu a Gusau sun haddace.

Ni ma sai da na haura shekara hamsin na shiga aji. Riƙon muciyar gaskiya ne, wata guda na yi a haka, shi ya sa abin ya fi ciwo. Amma littafi kai ƙasa? Ƙarya ce. Bai taɓa leƙa ajinmu ba, bai ga hannun da ya gama daka yana rawa a kan layi ba.

Da farko ban san hannu ɗaya ya yi su ba. Ni da kaina na karanta sunan a ƙarshen fim, baƙi bayan baƙi, na koma na farkon na gwada. Shi ne dai.

Abokiyar bencina ta girme ni. Daga Bungudu take kawo ƙuli-ƙuli kasuwa, in ta tashi ta biyo aji. Saura ƙiris ta iya rubuta sunanta, sai ta ɗauke ƙafa mako biyu. Na kira ta a waya.

"Yaya, mi ya hana ki zuwa?"

"Ke dai bari. Jikokina. Da na ɗauki jaka sai su bi ni har bakin titi: Inna, baƙin na gudu!"

"To ki bi su da muciyar mana!"

Ta yi dariya, amma ta ce ita kam ta haƙura, girmanta ya fi mata boko.

Da la'asar na zauna na rubuta wa mutumin wasiƙa. Takarda uku na ɓata kafin ta tsaya. Na ce masa ya iya kallon mace tana shiƙa, to ya zo ya kalle ta tana karatu, ƙofar ajinmu a buɗe take. Na sa sunana, na bar fili a ƙarƙashinsa.

Da safe na fiƙe fensir, na shiga motar Bungudu. Wasiƙar ba za ta je Tsafe ba sai Yaya ta rubuta sunanta a filin nan da hannunta.